Masu Riƙe Da Ruwa, Wuta Da Jiniya: Ta Wace Hanya Suke Hawa Kujerar?

Da tsakar daren 15 ga Fabrairun 2021, wani irin sanyi da aka daɗe ba a gani ba ya lulluɓe jihar Teksas ta Amurka. Bututun iskar gas suka daskare, tashoshin samar da lantarki suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da kowane gida ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Daga baya ERCOT, hukumar da ke tafiyar da layukan wutar jihar, ta bayyana cewa minti 4 da daƙiƙa 37 kacal suka rage komai ya durƙushe, abin da kan iya jefa jihar cikin duhu na makonni. An tsallake rijiya da baya, amma sai da aka yanke wa gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 da rabi wuta. Alƙaluman gwamnatin jihar sun nuna mutum 246 ne suka rasu. Watan Maris bai ƙare ba sai da aka sallami shugaban ERCOT, Bill Magness, kwamishinoni ukun hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin lantarki su ma duk suka sanar da murabus.

Kafin wannan makon, da wuya ka tare mutum a titi ya faɗa maka sunan ko da ɗaya daga cikinsu. Kuma abin takaicin, a 2011 an yi makamancin wannan sanyi a jihar, hukumomin tarayya suka rubuta rahoto suka ce a shirya tashoshin yadda za su jure wa hunturu, aka bar abin a matsayin ganin dama. Wato hukuncin abin da ya faru a daren an yanke shi ne cikin shekara 10 da suka gabata, a ofisoshi, a hannun mutanen da aka naɗa ba tare da kowa ya ɗaga kai ya dube su ba.

Wannan ne ya sa nake ganin tarihin aikin irin waɗannan jami'ai ya cancanci a zauna a yi masa filla-filla. Idan aka naɗa ministan kuɗi ko na tsaro, jaridu kan tone har makarantar firamaren da ya yi. Idan aka naɗa shugaban hukumar ruwa, ko ta muhalli, ko ta agajin gaggawa, layi biyu ake ba labarin a wuce, alhali kujerun nan su ne suka fi kusa da ran ɗan'adam.

Aikin uku ne, kuma kowanne da halin da yake nema. Jami'in muhalli aikinsa ya ce a'a: ya hana masana'anta zubar da guba a kogi, ya hana a sare daji, ya riƙe lasisi har a cika sharaɗi. Wanda yake ce wa a'a kuwa galibi ya fi shi kuɗi da kusanci da fada. Mai sa ido a kan kamfanonin wuta da ruwa da gas shi kuma alƙali ne tsakanin kamfanin da ba shi da abokin gasa da jama'ar da ba su da wani wurin zuwa. Idan ya danne farashi fiye da kima, kamfani ya daina gyara, kaya su lalace. Idan ya saki, talaka ya kasa biya. Shugaban agajin gaggawa kuwa nasa ya fi ban mamaki, domin ranar da masifa ta sauka kusan duk abin da yake buƙata ba a ƙarƙashinsa yake ba. Jiragen na soja ne, asibitocin na ma'aikatar lafiya ne, manyan motocin na 'yan kasuwa ne. Jarinsa shi ne mutanen da ya sani tun tuni, waɗanda za su ɗaga wayarsa da ƙarfe ukun dare. Abin da ya haɗa ukun shi ne, idan sun yi aikinsu da kyau ba abin da ke faruwa, abin da bai faru ba kuwa ba ya shiga labarai.

Hukuma ɗaya, shugabanni uku

Babu inda bambancin hanyoyin hawa kujera ya fito fili kamar a FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayyar Amurka, wadda Shugaba Jimmy Carter ya kafa a 1979. A shekarunta na farko ta yi ƙaurin suna a matsayin wurin da ake jibge 'yan siyasar da aka rasa inda za a kai su. Da guguwar Andrew ta daki Fulorida a 1992, hukumar ta sha kunya har wasu 'yan majalisa suka fara maganar a rushe ta.

A 1993 Bill Clinton ya kawo James Lee Witt. Mutumin ya fara ne da kamfanin gine-gine, sannan ya yi shekara 10 yana shugabantar gundumar Yell a jihar Arkansas, inda gadar da ruwa ya cinye da hanyar da ta yanke duk a wuyansa suke. Daga nan ya riƙe ofishin agajin gaggawa na jihar tun 1988. Shi ne shugaban FEMA na farko da ya zo da gogewa a wannan fanni. Ya juya akalar hukumar daga shirin yaƙin nukiliya, wanda ta gada daga zamanin yaƙin cacar baki, zuwa ambaliya da guguwa da girgizar ƙasar da mutane ke fuskanta kowace shekara. Bayan babbar ambaliyar 1993 a tsakiyar ƙasar, ya matsa aka sayi dubban gidajen da ke bakin kogi aka rushe, aka mayar da wuraren fili, don kada a sake biyan kuɗin gina gida a inda ruwa zai dawo. Garin Valmeyer na jihar Ilinoi ɗungurungum aka tashe shi aka mayar kan tudu. Mutumin da ya taɓa gyara gada ɗaya sau biyu da kuɗin gunduma ne zai yi irin wannan tunani. Ya yi shekara 8 a kujerar, kuma a 1996 aka ɗaga matsayinsa ya riƙa zama a majalisar ministoci.

Michael Brown ta wata ƙofa ya shigo. Lauya ne, ya shafe sama da shekara 10 yana kula da alƙalan gasa a wata ƙungiyar masu dawakin Larabawa. Abokinsa Joe Allbaugh, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen George W. Bush a 2000 aka saka masa da shugabancin FEMA, shi ya jawo shi hukumar a 2001 a matsayin babban lauya. A 2003 Brown ya gaji kujerar, a shekarar da aka cusa hukumar ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida, ta rasa hanyarta ta kai tsaye zuwa ga shugaban ƙasa. Guguwar Katrina ta sauka ranar 29 ga Agustan 2005, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans, sama da mutum 1,300 suka mutu. Ranar 12 ga Satumba Brown ya yi murabus.

Adalci ne a faɗa cewa ba Brown ya gina madatsun kare birnin daga ambaliya da suka ɓalle ba, kuma magajin gari da gwamna kowa na da nasa kason. Amma a Yulin 2004, shekara guda kafin nan, hukumarsa ta ɗauki nauyin wani atisaye da ya kwatanta kusan irin wannan guguwa a wannan birni. An san abin da zai faru. Abin da aka rasa shi ne shugaban da zai riƙe rahoton atisayen ya hana kowa barci har a cike giɓin, wanda kuma yake da nauyin da manya za su saurare shi.

Na ukun shi ne Craig Fugate. Ya fara da aikin sa-kai na kwana-kwana, ya zama ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya, ya yi shekara 10 yana kula da agajin gaggawa a gundumar Alachua, sannan Gwamna Jeb Bush, ɗan jam'iyyar Republican, ya ba shi na jihar Fulorida baki ɗaya a 2001. A 2004 guguwa huɗu suka daki jihar cikin 'yan makonni, yana kan kujerar. Barack Obama, ɗan Democrat, ya ɗauko shi a 2009 ya riƙe FEMA har 2017. An san shi da kiran atisayen ba-zata, ma'aikata na zaune sai a ce musu ga masifa ta auku, kowa ya nuna abin da zai yi. An kuma san shi da wani ma'auni da ba a koyarwa a jami'a. Akwai gidajen abinci na Waffle House a kudancin ƙasar waɗanda ba sa rufewa dare da rana. Idan ya shiga gari bayan guguwa ya tarar reshensu a buɗe da komai, ya san akwai wuta da ruwa da hanya, sai ya wuce gaba. Idan suna sayar da 'yan abubuwa kaɗan, akwai matsala. Idan a rufe suke, nan ne wurin da za a fara sauke kaya. Irin wannan ido sai wanda ya taka ƙafarsa a garuruwan da suka rushe.

Kada a ɗauka cewa maganar ta Amurka ce kaɗai. A yankin Balensiya na ƙasar Sifaniya, ranar 29 ga Oktoban 2024, hukumar hasashen yanayi ta ba da jan gargaɗi tun da safe, amma saƙon da ke shiga wayoyin jama'a bai fita ba sai ƙarfe 8:11 na dare, lokacin da ruwa ya riga ya rutsa da mutane a motoci da gidajen ƙasa. Sama da mutum 220 suka mutu. Kwamishinar da agajin gaggawa ke ƙarƙashinta, Salomé Pradas, ta faɗa da bakinta a talabijin cewa sai a daren ranar wani ma'aikaci ya sanar da ita akwai tsarin tura irin wannan saƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba wai ɗan siyasa ba zai iya ba

Mai karatu zai iya fahimtar cewa ina nufin a kori 'yan siyasa a kawo masu manyan digiri. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Marina Silva, wadda ta riƙe ma'aikatar muhalli ta Birazil daga 2003 zuwa 2008, 'yar masu tatsar roba ce a jihar Acre, sai da ta kai shekara 16 ta koyi karatu, kuma ta hanyar ƙungiyar ƙwadago da majalisar dattawa ta taso. A zamaninta aka haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da samamen jami'an tsaro da keɓe manyan dazuzzuka. Sarar dajin Amazon, wadda ta kai kusan murabba'in kilomita 27,800 a 2004, ta sauko ƙasa da 12,000 a 2007, tsarin da ta bari kuma ya kai ta ƙasa da 5,000 a 2012. Ta yi murabus a Mayun 2008 da ta ga gwamnatin da take ciki ta daina mara mata baya a rigimarta da manyan manoma da masu gina madatsu. A 2023 ta dawo kujerar, cikin shekara biyu sarar ta sake raguwa da kusan rabi.

William Ruckelshaus ma, shugaban farko na EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka da Richard Nixon ya kafa a Disambar 1970, lauya ne kuma ɗan siyasa, har takarar sanata ya yi ya faɗi. Amma tun yana matashin lauyan gwamnati a jihar Indiana yake shari'a da masu gurɓata ruwa da iska. Bai yi wata guda a ofis ba ya ba biranen Cleveland da Detroit da Atlanta wa'adin kwana 180 su daina zubar da ƙazanta a ruwa. A 1972 ya haramta maganin ƙwari na DDT. A Oktoban 1973, yana mataimakin ministan shari'a, ya gwammace ya bar aiki da ya kori mai binciken badaƙalar Watergate ta leƙen asirin 'yan adawa kamar yadda Nixon ya so. Shekara 10 bayan haka, da EPA ta shiga rikici har shugabarta Anne Gorsuch Burford ta yi murabus a Maris ɗin 1983, shi Ronald Reagan ya nemo ya dawo ya tsamo ta. Cikin abubuwan farko da ya yi har da umarnin a riƙa bayyana wa jama'a su wa shugabannin hukumar ke ganawa da su.

Abin da na gani ya haɗa Witt da Fugate da Silva da Ruckelshaus abu biyu ne. Kowannensu ya taɓa ɗaukar nauyin ƙaramin irin wannan aiki kafin a ba shi babba, kuma kowannensu na da wata tsayuwa ta kansa wadda ba ta rataya ga wanda ya naɗa shi kaɗai ba. Siyasar ma ana buƙatarta. Ƙwararren da ba zai iya shiga wurin shugaban ƙasa ba, ba zai iya kare kasafinsa a majalisa ba, iliminsa a durowa zai ƙare. Witt ya yi nasara ne har da cewa Clinton ya san shi tun Arkansas kuma yana ɗaukar wayarsa.

Sai kuma maganar daɗewa, wadda ba a cika kulawa da ita ba. Bututun ruwa kan yi shekara 50 a ƙasa, tashar lantarki kan ɗauki shekaru kafin a gama ta, amma wanda aka naɗa a siyasance sau da yawa shekara biyu ko uku yake yi ya tafi. Wanda ya san ba zai ga ƙarshen gyara ba, da wuya ya ɗauki baƙin jinin fara shi. A 1993 aka ba wani injiniya, Ek Sonn Chan, hukumar ruwan birnin Phnom Penh na Kambodiya, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Kashi 72 cikin 100 na ruwan da ake turawa yana zurarewa ne ko a sace shi, famfo na zuwa kamar awa 10 a rana, ma'aikatan hukumar da kansu ke jona wa mutane ta bayan fage, manyan gwamnati da hafsoshin soja kuma ba sa biya. Ya fara da sanya mita a kowane gida da tilasta wa manya biyan kuɗi. Ya sha ba da labarin ranar da ya je gidan wani babban soja a kan maganar bashin ruwa aka ɗora masa bindiga a ka. Ya koma da rakiyar jami'an tsaro ya yanke ruwan. Ya ɗaga matasan injiniyoyi sama da tsofaffin da suka saba da cin hanci, ya samu dokar da ta ba hukumar 'yancin riƙe kuɗinta, ya ƙara farashi a hankali bayan mutane sun ga ruwa na zuwa, ya sauƙaƙa wa talakawa kuɗin jonawa. Asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa ya koma dare da rana, ya isa kusan kashi 90 na birnin. Sai da ya yi kusan shekara 19 a kujerar. Da an canza shi a shekara ta uku, da abin da za a tuna da shi kawai shi ne mutumin da ya yi rigima da sojoji.

Me ya sa shugabanni ba sa damuwa su nemo irin waɗannan mutane? Wani ɓangare na amsar yana wurinmu masu zaɓe. Wasu masana biyu, Andrew Healy da Neil Malhotra, sun wallafa bincike a 2009 kan zaɓukan Amurka, inda suka gano cewa masu zaɓe na saka wa jam'iyya mai mulki idan ta raba kuɗin agaji bayan masifa, amma ba sa saka mata a kan kuɗin rigakafi, duk da cewa a lissafinsu dala 1 ta rigakafi na rage ɓarnar kusan dala 15. Mai rabon barguna a gaban kyamara ya fi mai gyaran magudana samun ƙuri'a, jami'ai kuma suna gani.

Ƙofar shiga da ta fita

Inda lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne dangantakar jami'in da kamfanonin da yake sa wa ido. Wanda ya fahimci yadda ake lissafin farashin wuta ko yadda tashar nukiliya ke aiki, yawanci a kamfanin ya koya. Idan ya gama wa'adinsa kuma, kamfanonin ne ke da albashin da ya ninka na gwamnati. Don haka mutum kan zauna yana yanke hukunci a kan tsohon maigidansa, ko a kan wanda yake fatan ya zama maigidansa gobe. Ba sai an ba shi ko kwabo ba kafin hannunsa ya yi sanyi.

Japan ta biya wannan da tsada. Kafin hatsarin tashar Fukushima na Maris ɗin 2011, hukumar da ke duba lafiyar tashoshin nukiliya tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta ne ta bunƙasa nukiliyar, kuma manyan ma'aikatanta sun saba samun kujeru a kamfanonin lantarki bayan ritaya. Kwamitin bincike na majalisar ƙasar ya ce a 2012 hatsarin aikin ɗan'adam ne, kuma masu sa ido sun zama 'yan amshin shatan waɗanda ake sa wa idon. A Satumbar shekarar aka kafa sabuwar hukuma aka raba ta da waccan ma'aikata. A jihar Ohayo ta Amurka abin ya wuce sanyin hannu. Kamfanin FirstEnergy ya amsa a gaban masu gabatar da ƙara a 2021 cewa ya biya dala miliyan 4.3 ga wani kamfani mai alaƙa da Sam Randazzo gab da a naɗa shi shugaban hukumar da ke sa ido a kan kamfanin na FirstEnergy a 2019. Randazzo ya yi murabus a Nuwamban 2020, ya musanta laifi, ya rasu a 2024 kafin a yi shari'ar. Kakakin majalisar jihar, Larry Householder, an ɗaure shi shekara 20 a kan badaƙalar da ta shafi wannan kamfani.

Duk da haka, ba na goyon bayan a toshe ƙofar gaba ɗaya. Ruckelshaus ɗin da na yaba ya yi aiki da kamfanin katako na Weyerhaeuser tsakanin zamansa biyu a EPA, daga baya ya shugabanci wani babban kamfanin kwasar shara. Hukumar da ba ta da wanda ya san cikin kamfani, lauyoyin kamfanin za su riƙa juya ta yadda suka so. Abin da ƙasashe ke yi shi ne rage illar: a hana tsohon jami'i yi wa kamfani kamun ƙafa a tsohuwar hukumarsa na shekara ɗaya ko biyu, a tilasta bayyana kadara, a ba kwamishinoni wa'adi tsayayye wanda ba ya ƙarewa lokaci guda. Hukumar makamashi ta tarayyar Amurka, alal misali, kwamishinoni biyar gare ta, kowa shekara 5, kuma ba a yarda fiye da uku su fito daga jam'iyya ɗaya ba. Waɗannan matakai na taimakawa, amma shekara ɗaya ba ta da tsawo ga wanda ya san kujera na jiransa.

Akwai wani gwaji da ba ya bayyana a takardar tarihin aiki, wato yadda babban jami'i ke karɓar mummunan labari daga na ƙasa da shi. A Afrilun 2014 birnin Flint na jihar Mishigan, wanda a lokacin kantoman da gwamna ya naɗa don tsuke bakin aljihu ke tafiyar da shi, ya koma shan ruwan kogin Flint ba tare da an sa sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Dalma ta riƙa narkewa daga tsofaffin bututu tana shiga famfon gidaje. A Oktoban shekarar kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa saboda yana sa sassan inji tsatsa, amma aka ci gaba da gaya wa iyaye mata lafiyarsa ƙalau. A Yunin 2015 wani ma'aikacin EPA, Miguel Del Toral, ya rubuta takarda ya bayyana haɗarin. Maimakon a tashi tsaye, sai shugabanni suka ce rahoton bai kammala ba, jami'an jiha kuma suka zubar masa da mutunci. Sai da likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da sakamakon jinin yara a Satumba sannan aka fara ja da baya. Shugaban hukumar muhallin jihar, Dan Wyant, ya sauka a Disamba, shugabar shiyya ta EPA, Susan Hedman, ta sanar da nata murabus a Janairun 2016. Babban mai binciken EPA daga baya ya ce hukumar na da hurumi da bayanan da za ta ba da umarnin gaggawa tun Yunin 2015, wata bakwai kafin ta bayar. Wannan ya faru ne a ƙarƙashin shugabar EPA ta lokacin, Gina McCarthy, wadda ta faro daga jami'ar lafiya ta ƙaramin gari a 1980, ta yi aiki da gwamnonin jam'iyyu biyu, ba wanda zai ce ba ta san aiki ba. Gogewar na sama ba ta da amfani idan labari na mutuwa a hawa na biyu kafin ya iso gare shi.

Shi kuma wanda ya tsaya a kan gaskiya, kujerarsa yake sa wa a caca. Ricardo Galvão, shugaban cibiyar binciken sararin samaniya ta Birazil, ya kare alƙaluman sarar daji da Shugaba Jair Bolsonaro ya ƙaryata, aka cire shi a Agustan 2019. Duk ƙaramin jami'in da ya ga haka ya ɗauki darasi, kuma ba darasin da jama'a ke buƙata ba ne.

To idan an yi sakaci an rasa rayuka, a ɗaure jami'in? Zuciya na cewa e. Italiya ta gwada. Kwana shida kafin girgizar ƙasar L'Aquila ta 6 ga Afrilun 2009, wadda ta kashe mutum 309, wani kwamitin ƙwararru ya zauna, mataimakin shugaban hukumar kare farar hula, Bernardo De Bernardinis, ya kwantar wa jama'a da hankali a talabijin cewa ƙananan girgizar da ake ji suna rage ƙarfin da ya taru ne. A 2012 kotu ta yanke masa shekara 6 tare da masana shida. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan, ta bar shi da shekara 2. A ganina layin da kotun ta ja daidai ne. Ba a hukunta mutum don ya kasa sanin gaibu, amma wanda ya ba jama'a tabbacin da ilimi bai ba shi ba, har suka kwana a gidajen da da sun fita, dole ya amsa. Haɗarin shi ne idan aka wuce wannan layi, nagartattun mutane za su guje wa kujerar, waɗanda suka rage kuma su riƙa busa jiniya a kan kowane hadari don kare kansu, har jama'a su daina ji.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin rubuta sharaɗin cancanta a doka. Bayan Katrina, majalisar Amurka ta zartar a 2006 cewa duk wanda zai shugabanci FEMA sai ya nuna ƙwarewa a harkar agajin gaggawa, kuma yana da aƙalla shekara 5 na gogewar shugabanci. Sai dai sharaɗin na aiki ne a kan wanda aka aika sunansa majalisar dattawa don tantancewa. Shugaban ƙasa na iya ɗora mutum a matsayin riƙon ƙwarya ya bar shi watanni ba tare da ya je gaban kowa ba, kuma mai riƙon ƙwarya ba shi da wata garkuwa. A Mayun 2025 Cameron Hamilton, wanda ke riƙe da hukumar a irin wannan matsayi, ya faɗa wa kwamitin majalisa cewa bai ga amfanin rushe FEMA ga Amurkawa ba, saɓanin abin da gwamnatin da ta naɗa shi ke nunawa. Washegari aka cire shi, saura makonni uku a shiga lokacin guguwa, aka kawo wani mai riƙon ƙwaryar.